Inna Zulai da Baƙin Kango

Mahaifiyata Zulaihatu, wadda duk Ɗorawa Uku ke kira Inna Zulai, ba ta taɓa cin tuwo da zafinsa ba. Ni ce autarta, Raudatu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta kai loma baki alhali akwai wanda bai samu nasa ba. Za ta tuƙa, ta kwashe, ta jera kwanuka a gindin murhu: na maigida, na samari, na yara, na wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ba ta gani, sannan ta rufe guda ɗaya da faifai saboda wanda Allah zai jeho. Sai kowa ya sa hannu take zama ta kankare ƙanzo. In an yi mata magana ta ce ita ƙanzon ya fi mata daɗi. Ba gaskiya ba ne, Allah ya gafarta mata, na sha kama ta tana lashe mara.

Ƙauyenmu yana arewa da Ɗanbatta, inda gona ke manne da gona har ba ka da wurin tsayawa ba ka taka shukar wani ba. In za a yi gayya, ko suna, ko sadakar uku, Inna ake ɗaukowa. Akwai matan da suka fi ta iya miya, ita ma ta sani, amma a rabo ba ta da na biyu. Sau ɗaya take leƙa zaure, sau ɗaya take duban tsakar gida, ta dawo ta kama mara, tuwon kuma ya zagaye kowa daidai. Ba ta yi boko ba, karatun allonta ma bai yi nisa ba. Kan mutane ne karatunta, ta san wanda ke jin kunyar neman ƙari, ta san wanda zai ce ya ƙoshi yana ƙarya.

Ciwon ya shigo ta a hankali bayan rasuwar mahaifinmu, Malam Abdulrashid. Da farko tuwo ne ya riƙa kamawa a gabanta ba ta jin ƙauri. Daga nan hannunta na dama ya fara rawa in tana zaune, babban yatsa na murza ɗan'uwansa kamar mai jan carbi. Takunta ya gajarce. Fuskarta ta daskare har mata suka fara tambayata wa ya ɓata wa Inna rai. Yayana Kamaruddeen, wanda gidan ya koma hannunsa shi da matarsa Sauda, ya kai ta asibiti a Kano. Likita ya ce cutar Fakinson ce, ba a warkewa, amma akwai ƙwayar da ke sassauta jiki. Ta kuwa sassauta. Shekara huɗu muka samu, har tana zama a kujera 'yar tsugunno tana nuna wa Sauda yadda ba ta iya rabo ba.

A shekara ta biyar haɗiya ta fara gagararta. Ta sha ruwa ya sarƙe ta, ta yi ta tari har hawaye. Yawu ya riƙa zubo mata ta gefen baki. Mu kuma da wayonmu muka ce tunda mai kauri na ba ta wahala, a tsinka komai. Kunu ya koma tsararo, fura ta koma farau-farau. Muna kwantar da ita a jikinmu, mu ɗaga mata kai sama, mu ɗura da ludayi kamar yadda ake yi wa kowane marar lafiya a garinmu. Sau biyu zazzaɓi mai tari ya kwantar da ita a wata uku. Muka ɗora wa sauro laifi.

Gidan aurena shi ne gida na uku daga gidanmu, ina kuma koyarwa a firamaren gari, don haka abincin ranarta a hannuna yake. A bayan dangarmu akwai kangon Basiru, ƙanin kakanmu. 'Ya'yansa sun watse tun ina ƙarama, ɗakunan suka zube, Yaya Kamaru ya baje ƙasar yana shuka gyaɗa. Abin da ya rage a wurin gindin rumbu ne da wata tsohuwar tsamiya. A jikin dangar akwai kafa inda awaki suka cinye kara, daidai saitin rumfar da Inna ke wuni.

Wata Laraba da bazara, rana tsaka, na taso daga makaranta na tarar ta kafa wa kafar nan ido.

"Raudatu," in ji ta, "an yi baƙi a kangon Basiru, ba wanda ya gaya mini."

Na leƙa. Fili ne fayau, sai kaji biyu suna tono a inuwar tsamiya.

"Inna, baƙin naki masu fukafukai ne?"

Ba ta kula ni ba. Ta ce su uku ne, wani dattijo mai farar riga a zaune a gindin rumbu, da mata biyu da suka juya baya. Sun sauke kayansu. Tun hantsi take kallo, ba su yi magana ba, ba su motsa ba, kuma ba ta ga hayaƙi ba.

A garinmu in mutum ya sauka sabon wuri, maƙwabta ke ciyar da shi har ya kafa murhunsa, ba a ma tambayarsa ko yana so. Na miƙa mata kunu, ta sa bayan hannu ta ture kwanon.

"A fara kai musu."

Na yi mata faɗa irin wanda auta kaɗai ke iya yi wa uwa. Na zagaya kangon, na tsaya a gindin rumbun ina ɗaga hannu, na ce ta duba, ni kaɗai ce. Da na dawo ta ce ban kyauta ba, na tsaya a kan mutum ko gaisuwa babu. Ranar sai bayan la'asar ta yarda ta kurɓi kunun, kurɓa ta uku ta sarƙe ta. Kwana biyar muna haka. Na tsorata, ba don baƙin ba, don wuyanta da na ga yana zama tsinke.

Muka koma Kano ni da Yaya Kamaru. Likita ya ce ganin mutanen da babu su yakan zo in cutar ta yi nisa, wani lokaci ma magani na ƙara shi. Ya cire ɗaya daga cikin ƙwayoyin, ya tura mu wani ɗaki wurin Malama Ummukulthum, wadda aikinta shi ne duba haɗiya da magana da tunanin masu irin wannan ciwo. Mace ce doguwa marar gaggawa. Ta ɗauko takarda za ta ce Inna ta zana agogo, ta tambaya ko ta taɓa riƙe biro, aka ce a'a, ta mayar da takardar cikin durowa.

"Inna, me da me ake sa wa a miyar kuka?"

Inna ta jero mata su tsaf, ta ƙara da cewa wadda ta zuba kuka kafin daddawa ta nuna, ta ɓata miya. Ta tambaye ta wane wata muke ciki, ta ce na Ƙaramar Salla, haka ne kuwa. Ta ba ta abu biyar ta riƙe a ka: akuya, tabarma, gishiri, rijiya, allura. Sannan ta ce, "In mutum tara ne a gida, biyu suna gona sai la'asar za su dawo, ɗaya kuma yana azumi, kwano nawa za ki kwasa yanzu?"

Inna ta fara. Ta kai tsakiya ta tsaya. Ta sake daga farko, leɓenta na motsi, ta sake ɓacewa. Matar da ta ciyar da gayyar mutum sittin da kallo ɗaya ta yi shiru tana duban cinyarta. A duk abin da cutar nan ta yi mana, ba abin da ya ƙona mini rai kamar wannan shirun. Da aka dawo kan abu biyar ɗin, akuya da gishiri kawai ta kawo.

"To mu nawa ne a ɗakin nan?"

"Ke, da ni, da Raudatu, da Kamaru." Ta ɗan karkata ido. "Sai wancan na bayan ƙofa, amma shi ba tare muke ba."

Ba wanda ya waiwaya sai Yaya Kamaru.

Malama ta ɗora yatsu uku a maƙogwaron Inna, ta ba ta ruwa cokali ɗaya. Ta kamo hannuna ta sa a wurin, ta sake ba ta.

"Ki ji da kanki. Ƙashin nan ya kamata ya hau da sauri ya rufe hanyar numfashi, sannan ya sauko. Nata yana jinkiri, ruwa kuwa ba ya jira. Inna, ce aaa."

Muryar ta fito tana gurgura kamar talge a kan wuta. Malama ta ce ruwan bai wuce ba, yana zaune a bakin hanyar iska, da ta ja numfashi zai gangara huhu, kuma zazzaɓin nan biyu daga nan suka fito. Ta buɗe fulas ɗin kunun da muka zo da shi, ta karkata shi, ta dube mu. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta murƙushe ayaba da cokali, ta gyara wa Inna zama ta miƙe sosai, ta sa ta sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji. Ayabar ta wuce lafiya, muryar ta fito wasai.

Ta kafa mana doka. Komai ya zama mai kauri, kunun da zai lulluɓe bayan cokali bai tsiyaye ba. A zaune, ba a kwance ba. Ƙaramin cokali, haɗiya biyu ga kowace loma, ba hira, ba waiwaye. A wanke mata baki bayan ta gama, ta ƙara rabin awa a zaune. Babbar dokar ita ce lokaci: ƙwayar tana kama jiki bayan kamar rabin awa, sai maƙogwaro ya saki na ɗan lokaci, a cikin wannan sakin za a ciyar da ita. In ya wuce, a haƙura sai ƙwaya ta gaba. Yaya Kamaru ya tambaya a hankali, to rubutun da yake ba ta fa? Ta ce a dama kunun da shi.

Sannan ta juya ga Inna. "Baƙin nan suna tsorata ki?"

"Tausayi suke ba ni."

A bakin ƙofa Malama ta ce mana, "Kada ku yi gardama da ita, ba za ku ci ba. A wurinta suna nan kamar yadda kuke nan. Amma kada ku ƙara mata da naku."

Muka dawo gida da doka a hannu, baƙi kuma suna inda muka bar su. Cire ƙwayar bai kore su ba. Sha biyu da rabi Sauda ta ba ta magani, ƙarfe ɗaya na iso, jikinta ya saki, hannun ya lafa, kunu ya yi kauri yadda aka ce. Ita kuwa idonta na kan kafar danga. Ina zaune da cokali a hannu ina kallon lokacin yana tsiyayewa, har na ga rawar ta dawo yatsunta. Washegari ma haka. A rana ta uku na ajiye cokalin, na kwashe tuwo kwano uku, na ɗora a faifai na zagaya.

Ban taɓa jin kangon nan ya yi shiru irin na ranar ba. Rana a tsakiyar ka, ba iska, ko kurciya ba ta kuka. Na san Inna na kallona ta kafar, don haka ba halin in dire kwanuka in juya. Na cire takalmi, na durƙusa a gaban gindin rumbu kamar yadda aka koya mini durƙusa wa manya, na ce, "Sannunku da hutawa. Wai in ji Inna." Sai na kama kaina ina jiran amsa. Bakina ne ya saba, in ka gaida mutum ka saurara. Na daɗe a durƙushe fiye da yadda ya kamata, kafin muryar Inna ta zo ta cikin kara, siririya.

"Kin ajiye na matan a gaban namijin. Matsar da shi."

Na matsar. Bayan ɗan lokaci na bi ta bayan tsamiya inda idonta ba ya kaiwa, na juye tuwon a wata tukunya don yaran Sauda, na kawo mata kwanukan. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ta ga wayam, ta ce alhamdu lillahi. Ta sunkuyar da haɓarta da kanta. Cokali goma sha tara ta sha, yatsuna na kan maƙogwaronta, ba tari ko ɗaya. Na shiga ɗakin Sauda na yi kuka na gode wa Allah.

Haka muka shiga damina. Gyaɗa ta tsiro a kangon, ina bi tsakanin kunyoyi da faifai a ka. Baƙin suka zama biyar. Ranar da aka yi ruwa da rana ta hana kanta sakat, wai suna zaune a cikinsa ko matsawa gindin tsamiya ba su yi ba, kuma rigar dattijon ba ta jiƙe ba. Wani lokaci in tsokane ta, in ce, "Inna, yau matan sun juyo kin ga ko kyawawa ne?" Sai ta ce, "A'a. Amma ɗayar ta kusa." Daga baya na daina tsokanar, don amsar ba ta yi mini daɗi.

A ƙauyen da gida ke jingine da gida ba a ɓoye faifai. Mata masu zuwa rijiya suka gan ni a durƙushe ina gaida gindin rumbu. Kafin mako ya zagayo magana ta gama gari, wai 'yar Malam Abdulrashid tana kai wa iskokai tuwo a kango. Yaya Kamaru shi ke jan salla in liman ba ya nan. Ya shigo ransa a ɓace ya ce, "Daga yau ba kwanon da zai ƙara ƙetare dangar nan. Ubanmu bai bar mana wannan ba." Na ce masa yaransa ke cinye tuwon, in akwai iskokai a maganar to su ne. Bai yi dariya ba. Ya ɗauko zana ya toshe kafar.

Inna ta dubi zanar ta daɗe. Ta ce, "Sun taso. Ga su nan tsaye a jikin dangar." Ta rufe bakinta, kwana biyu ba abin da ya shiga sai ƙwaya a cikin ɗan lakacen ayaba. A rana ta uku Yaya Kamaru ya kasa jurewa. Ba mugu ba ne, uwarsa yake gani tana ƙarewa. Ina makaranta ya dama fura da hannunsa, ya tsinka ta don ta yi saurin wucewa, ya tallafo ta yana lallashi, lokacin maganin kuwa ya riga ya wuce. Ta karɓi kurɓa ɗaya don kunyar ɗanta na fari. Furar na bakinta ta waiwaya wajen danga za ta ce wani abu. Sauda ta ce sai da leɓenta ya canza launi kafin numfashi ya dawo. Kwana takwas muka yi a gadon asibiti da ciwon huhu.

Ranar da muka dawo, kafin a shimfiɗa mata tabarma, Yaya Kamaru ya je ya yaye zanar da hannunsa. Ya tsaya bai dube ni ba ya ce, "Uwarmu muke ciyarwa. Allah ya san niyya." Ya je ya gaya wa liman haka, surutun gari ya ragu, wanda bai ragu ba muka toshe kunne.

Daga nan har kaka muka samu lafiya. Ta ɗan yi kumari, har zoben azurfarta ya daina zamewa. Duk wata ina kiran Malama Ummukulthum a waya, in kara wayar a bakin Inna ta ce aaa, ta saurara ta ce mu ci gaba. Baƙin sun kai bakwai, ni kuma na saba har ina yi musu sannu da rana ba tare da gabana ya faɗi ba. Aka cire gyaɗa, kangon ya koma fili.

Sai wata rana ta buɗe kwanukan kamar kullum, ba ta ce alhamdu lillahi ba.

"Wata shida, Raudatu. Kwano na zuwa a cike yana dawowa haka nan. Ko ƙwayar gyaɗa."

A wurinmu in maƙwabci ya aiko maka da abinci ba ka mayar masa da kwano wayam. Ko ɗan gishiri, ko barkono, ko goro ɗaya, sai ka jefa a ciki. Ba abin take so ba, Inna ba ta taɓa kwaɗayin abin hannun kowa ba. Tsoro take ji kada ya zama ba su da komai ne har yanzu, ko kuma sun raina tuwon gidanmu. Ranar cokali shida ta sha. Washegari huɗu.

A nan na yi kuskuren da har yau yake hana ni sukuni. An gaya mini kada in ƙara mata da nawa, na kuma ji. Amma cokali huɗu nake gani, ga kuma hanya mai sauƙi. Na yi tunani har na ga kaina mai dabara: ba zan sa gyaɗa ko goro ba kada ta jefa a baki ta shaƙe, zan sa abin da ba a ci haka nan. Na ɗauko daddawa guda biyu a ɗakin Sauda na jefa a kwano ɗaya, na rufe na kawo mata.

Ta ɗaga murfin. Ta ɗauki daddawar tana juya ta a hannunta mai rawa, na ga wani abu ya motsa a fuskar nan da ta shekara ba ta motsa ba. Ta sha kununta tas. Na tafi gida ina yabon kaina.

Kwana biyu bayan haka ta ce mini, "Mai daddawa ai yana da tukunya." Na ce haka ne, ina ta firfita kunu. Washegari na tarar da ita ta miƙa wuya wajen kafar.

"Sun hura wuta. Ga hayaƙi can."

Sama tas take, ko gajimare babu. Ta ce matar nan ta juyo, ita ce ma ke tuƙi. Na ce wace ce? Ta ce, "Ba ki san ta ba." Ta ce daga yau a daina kai musu tuwo, sun tsaya da ƙafarsu, sai dai a kai kwano ɗaya a ajiye don ba su da na zubawa. Na yi murna, na ɗauka mun rabu da wahala ke nan. Na kai kwanon, na ɗauko shi, na dire a gefenta, na ɗebo kunu a cokali.

Ba ta dubi cokalin ba. Ta jawo kwanon da na dawo da shi, ta buɗe, ta yi bisimilla. Ta sa hannu a cikin kwanon da ba komai, ta gutsura, ta mulmula, ta dangwala a gefe ta kai baki. Ta tauna a hankali. Ta yi haka sau bakwai ko takwas ina kallonta, sannan ta rufe ta ce a ba ta ruwan wanke hannu. Na miƙa mata kunun. Ta ce, "Na ƙoshi. Abin maƙwabci ba a barinsa a ci na gida."

Na gwada duk abin da kaina ya ba ni. Na zuba kununmu a cikin kwanon na ce daga kango ne. Ta leƙa ta ce, "Wannan damunki ne, Raudatu, ga gudaji nan. Ina kika kai nasu?" Na sa Sauda ta dama, ta gane hannun Sauda. Na karɓo daga gidan da ba ta taɓa cin abincinsu ba, ta ce hatsin garin nan ne, nasu ba haka yake ba. Na ƙi kai kwanon gaba ɗaya, ta wuni tana jira bakinta a rufe. Na kira Malama ina kuka na gaya mata zancen daddawa. Ta ce in cutar ta kai wani wuri takan ɗauke yunwa da kanta, ko da daddawa ko babu, kuma mu kawo ta. Na ji maganarta, amma ni na san hannun da ya jefa daddawar.

A Kano aka zura mata siririyar roba ta hanci zuwa ciki don a riƙa ba ta abinci. Sau biyu tana fizge ta da hannun da ba ya iya riƙe cokali. Ta ce wa likita ita ba mayunwaciya ba ce, a mayar da ita gida, ana aiko mata da abinci yana hucewa. Likita ya zaunar da mu ya ce za a iya ɗaure mata hannu a sake sawa, ya kuma gaya mana gaskiyar abin da hakan zai saya mata da abin da ba zai saya ba. Yaya Kamaru ya dube ni, na dube shi. Ba wanda ya iya cewa a ɗaure hannun Inna. Muka dawo da ita, aka koya mini jiƙa mata leɓe da tsumma mai tsabta.

Kwana tara ta yi a gida. Ana gobe za ta rasu, da azahar, ta ce in tayar da ita zaune, in je in karɓo. Na je kangon na durƙusa, na ɗauko kwanon na kawo. Ta miƙe zamanta yadda aka koya mata, ta sunkuyar da haɓa. Ta gutsura ta kai baki. Hannuna ya tafi maƙogwaronta da kansa. Ƙashin ya hau da sauri ya sauko, ya sake hawa ya sauko, haɗiya biyu cif, irin wadda na yi wata bakwai ina roƙon Allah in ji a ƙarƙashin yatsuna.

Ta turo kwanon gabana.

"Kullum ke ce mai kaiwa da kawowa, ba ki taɓa ɗanɗanawa ba. Bisimilla."

"Inna, na ci a gida."

"Ƙarya kike yi. Sa hannu."

Na sa hannu. Na gutsura a inda ta gutsura, na mulmula, na kai bakina. Ta ɗago hannunta da ƙyar, yana rawa, ta lalubo wuyana ta ɗora yatsu uku. Ta ce in sunkuyar da kai, kada in yi magana. Ta zuba mini ido tana jira, ni kuma na haɗiye.